Shi da Ƙira, Ni da Fenti

Da aka kawo ni gidan mijina a Gummi, akwai wani ɗan ɗaki kusa da zaure da kullum yake a kulle. 'Yan rakiyata daga Bukkuyum sun yi ta leƙe ta ƙasan ƙofa. Gwaggona ta ce hatsi ne a ciki. Yayata ta ce wa ya sani ko kayan tsibbu ne, tunda mutumin ba shi da yawan magana. Sai da suka koma gida, hayaniyar biki ta lafa, sannan wata rana da la'asar ya zaro makulli daga aljihu ya ce in zo in gani.

Katakai ya kafa a bango hawa-hawa, a kansu an jera waɗansu abubuwa na gwangwani, kowanne bai wuce tsawon tafin hannuna biyu ba. Suna da dogon hanci da ƙafafu na sarƙa. Ɗakin yana warin fenti da kananzir.

"Mi ke nan, Malam?"

"Tankokin yaƙi. Ni ka yin su."

"Na sayarwa ne?"

"A'a."

"To na mi ne?"

Ya sosa ƙeya, ya kalli katakan, ya ce, "Na kallo."

A raina na yi mamaki. A garinmu yara maza suna yin motar kara, da sun fara tasawa kuma su bar wa ƙannensu. Ga mutum da gemunsa, mai shagon gyaran rediyo a kasuwa, wanda ake gaishewa da girmamawa a unguwa, ya kulle ɗaki guda saboda kayan wasa. Na yi niyyar in yayata ta zo in ce mata hatsi ne, kamar yadda Gwaggo ta faɗa.

Da na zauna da shi na ga yadda yake yi, sai na daina kiran abin wasa. Hotunansa daga tsofaffin kalanda da mujallu yake samu, irin waɗanda masu tsire suke naɗe nama da su. In ya ga hoton tanka sai ya roƙi mai tsiren ya ba shi takardar tun maiƙo bai ɓata ta ba. Ya fi son hoton da soja yake tsaye a gefe, domin da tsawon sojan yake auna komai. Ya yanke wani ɗan tsinke ya ce shi ne mutum, kowace tanka kuma da wannan tsinken yake gwada ta: tsayinta mutum kaza, faɗinta mutum kaza. Jikin da gwangwanin madara yake yi, ya buɗe shi, ya daddale da guduma, ya zana da ƙusa, ya yanka da almakashi. Tayoyin murfin kwalba ne. Sarƙar daga wurin masu gyaran babur yake tsinto ta, 'yar siririyar nan ta cikin inji. Bakin bindigar kuma eriyar rediyo ce, wadda ba ya rasawa a shago. Sai ya hura gawayi, ya sa ƙarfen liƙi ya yi zafi, ya riƙa haɗa gaɓoɓin da dalma ɗaya bayan ɗaya, harshensa a tsakanin haƙora.

Ƙira dai ba a magana. Fentin ne abin tausayi. Duk tankokin nan ja-ja ne, wasu kamar jar ƙasa, wasu kamar miyar da ta kama tukunya. Ni kuwa a gidan rini na tashi. Innata kaba take rinawa tana saƙa faifai da tabarma, tun ina ƙarama ni nake dama mata galura. Idona ba ya haƙuri da launin da bai zauna ba. Amma amarya ce ni, na kame bakina.

Wata rana yana shafa wa wata sabuwa fenti, ya ɗaga ta ya ce, "Kin gani? Kore shar, kamar ganyen dawa a damina."

Na kalli abin, na kalle shi. Ba alamar wasa a fuskarsa. Sai na tuna tumatirin da yake sayo mana, kullum rabi ɗanye ne, ina ta zargin masu sayarwa da cutarsa. Na tashi na ɗauko ƙunshin kabar da Inna ta sa mini cikin kaya, na baza a tabarma.

"Malam, miƙo mini kore."

Hannunsa ya yi ta yawo a kan kabar. Can ya ɗauko ruwan ƙasa mai ja-ja ya miƙo. Na ce ya ƙara. Ya ɗauko ja. Dariya ta ƙwace mini, har na riƙe ciki. Da na ɗago na ga shi ba ya dariya, sai na haɗiye sauran.

"Wanga ba kore ba ne?"

"Ja ne, Malam. Ga kore nan kusa da gwiwarka."

Ya ɗauki biyun ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya jujjuya su. Ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya zauna, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yana saurayi ya je ɗaukar soja. Ya yi gudu ya wuce, an auna tsawo da ƙirji ya wuce. Da aka zo wurin likita, aka buɗe masa wata takarda mai ɗige-ɗige aka ce ya faɗi lambar da ke ciki. Waɗanda ke gabansa kowa ya faɗi tasa ya wuce. Shi bai ga komai ba sai ɗige kamar an watsa gero. Aka ce ya koma gida. Tun daga ranar ya sa a ransa cewa babu wata lamba a takardar, an dai raɗa wa masu uwa a gindin murhu abin da za su ce, shi da ba shi da kowa aka kore shi. A shago kuwa wayoyin rediyo da mitar auna wuta yake gane su, bai taɓa dogara da launinsu ba, don haka abin bai taɓa tona kansa ba.

"Ashe ba su zalunce ni ba," ya ce. "Shekara da shekaru ina zagin bayin Allah a zuci." Ya yi ta istigfari a hankali, kabar tana hannunsa.

Washegari da ya dawo daga kasuwa, ya ajiye mini gwangwanayen fenti a gabana, shuɗi da rawaya da baƙi da fari da ja, ya ɗora buroshi a kai. Bai yi wani bayani ba, ni ma ban nema ba.

Sai da muka kankare tsofaffin duka da samfefa, muka wanke su da kananzir. Buroshin kasuwa ya yi mini kauri, na sa ya samo mini gashin jelar akuya, na ɗaure a tsinken tsintsiya da zare. A murfin gwangwani nake haɗa launi. Shuɗi da rawaya su ba ni kore, in ɗiga baƙi kaɗan don ya kashe masa ƙyalli, in ya yi duhu in taɓa fari. Shafin farko in bar shi ya kwana, na biyu ma haka, sannan in zo da ruwan ƙasa da baƙi in yi masa dabbare-dabbare. Hotunansa da yawa sun koɗe, don haka daga bayan kwaɗo da fatar damo na koyi yadda ake jera dabbaren kada su yi kama da zanen atamfa. Mun yi musu a kan ƙura. Shi yana son abu ya fito fes yana sheƙi. Ni na ce duk abin da ya bi hanyar Anka da ƙafarsa ba ya isa yana sheƙi. Na tankaɗe jar ƙasa da toka, na goga a sarƙa da gindin tankar tun fentin bai gama bushewa ba. Ya ɗauka ya duba ta kowane gefe, ya ce, "Wagga ta yi tafiya." Daga nan bai ƙara musu ba.

Mahaifiyarsa, wadda muke zaune tare da ita, takan leƙo ta same mu, shi da gawayinsa ni da murafuna, ta girgiza kai ta ce, "Da mai wasan gwangwani ɗaya gare ni, yanzu Allah Ya cika mini biyu." Amma ita ce take jan ƙofar zaure in baƙi sun yi sallama, ta ce maigidan yana hutawa.

A wannan ɗan ɗakin na san mijina. Mutum ne da in kun haɗa ido ba ya iya doguwar magana, amma in idonsa yana kan gwangwani, nawa yana kan buroshi, sai bakinsa ya buɗe. A nan na ji labarin mahaifinsa da ya rasu yana yaro, da yadda ya koyi gyara a hannun wani mutum mai zafin rai. A nan ni ma na faɗa masa abubuwan da ko yayata ban faɗa wa ba. In mun ɓata da safe, da la'asar sai ya turo mini tanka ba tare da ya kalle ni ba, ni kuma in jawo murfi in fara haɗa launi, shi ke nan an shirya. Na haifi ɗiyata ta fari, na goya ta na ci gaba. Na haifi na biyu, namiji, muka ɗan rage amma ba mu bari ba. Mafi kyawun da muka yi ita ce wadda ya sa wa maɗaurin abin murɗa tasha na wata tsohuwar rediyo, kanta yana juyawa ko'ina ba ya ƙara. Na yi mata launin rairayin gulbi da rani.

Yayata a wani ƙauye take aure a ƙasar Anka. Shekarun nan ne maza suka rinƙa kwaso duwatsun zinariya suna kawowa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa, ƙurar tana sauka a kan tuwo da tabarma da komai. Sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Ɗanta da ba a daɗe da yayewa ba yana cikinsu. Na je ta'aziyya ina da ƙaramin ciki na uku. Na tarar ana kankare ƙasar tsakar gidaje ana zubawa a buhuna, an kawo wata daga nesa ana shimfiɗawa. Yayata tana zaune a bakin ɗaki, ba ta kuka, tana ta murza 'yar rigar yaron a cinyarta. Wata malamar asibiti ta tara mu mata a inuwa tana bayani. Ta ce gubar dalma ce, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, yaro ya taɓa ƙasa ya kai hannu baki ya isa. Da aka watse na bi ta na tambaye ta a hankali, ko dalmar da masu gyaran rediyo suke liƙi da ita tana ciki. Ta ce a nisanta ta da yara. Ta ce har wani fentin ma akwai ta a ciki.

A mota ban ga hanya ba har muka iso. Ina shiga gida na tarar da ƙofar ɗan ɗakin a buɗe, Malam ya fita alwala, yarona mai rarrafe yana zaune a bakin ƙofar da guntun wayar dalma a bakinsa yana tsotsa. Ban san na yi ihu ba sai da na ga maƙwabta a tsakar gida. Na sa yatsa na ƙwaƙulo, na wanke masa baki har ya shiɗe don kuka. Da mutane suka fita na juya kan Malam. Na ce ko ƙwayar dalma ɗaya ban yarda ta ƙara kwana a gidan nan ba, da fentin, da gwangwanayen, da tankokin da na shafa da hannuna, duka.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na ji."

Da safe ya kawo mai kura aka kwashe komai zuwa shago. Shi da kansa ya kankare daɓen ɗakin, ya fitar da ƙasar bayan gari, ya sa aka yi siminti. Muka kai yaron aka auna jininsa, Allah Ya tsare. Har gobe in aka mayar da ni wannan ranar, abin da zan ce ke nan. Abin da ya biyo baya ne yake damuna.

Bayan 'yan watanni, cikina ya tsufa, ko warin man girki ba na so, ya dawo da wani abu a naɗe cikin tsohuwar riga. Bai shigo da shi ba, a zaure ya tsaya ya kira ni.

"Na gama wata," ya ce. "Na ce ko a nan zaure, in yara sun yi barci. In share wurin da kaina bayan kin gama."

Warin kananzir ya bugo ni daga rigar, zuciyata ta tashi. Na toshe hanci da gefen zane na ce, "Don Allah Malam, ba yanzu ba."

Ya ce to, ya mayar da ita ƙarƙashin hammata ya fita. Ni abin da nake nufi, sai na haihu na samu kaina. Shi abin da ya ji daban. Bai ƙara tambaya ba. Da na yi arba'in na so in tayar da maganar, sai na ga ni na kori abin daga gida da bakina, in shi bai kawo ba, wataƙila ya huce ne ya bar ni da tsorona. Na jira ya ce, ya jira in ce. Matar aure kuma ba ta zuwa ta zauna a shagon kasuwa cikin maza. Ɗan ɗakin ya koma wurin ajiye buhun gero da tsofaffin tukwane. Da la'asar sai ya wuce shago ya kai magariba, ni kuma ga yara, ga surukata da ta fara ciwon ƙafa, ga ƙullin gyaɗa da na fara sayarwa. Ba mu yi faɗa ba ko sau ɗaya. Mun dai koma irin gidajen da ake gaisuwa, a kawo abinci, a yi maganar kuɗin makaranta, a kwanta.

Wata rana ɗiyata ta kai masa abincin rana, ta dawo tana dariya. Ta ce Baba ya yi wata tanka ja kamar zakara, masu shagon kusa suna ta tsokanarsa wai ta 'yan kwana-kwana ce, shi kuma yana cewa kore ce. Na taya ta dariya, sannan na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na san ya je wurin mai fenti ya ce a ba shi kore, na san kuma da ya koma shago ya ɗauki gwangwanin da ba shi ba a cikin nasa. Da ya dawo na zuba masa ruwan wanka, na yi ta juya maganar a bakina har ya yi barci. Daga baya yarinyar ta ce ya daina shafa musu komai. Haka yake jera su farin gwangwani, damina ta zo su yi tsatsa.

Shekaru suka tafi. Surukata ta rasu. Rediyo ta ja baya, ya koyi gyaran waya da tocila don a samu na cefane. Sannan zaman lafiya ya ƙare mana. Hanyar da muke bi mu je Bukkuyum mu dawo a yini ta zama sai an yi tambaya an yi addu'a. Mutanen ƙauyuka suka cika gari da tabarmi da akuyoyinsu. A cikin wannan hali aka kawo sojoji da motocinsu masu sulke, aka ajiye ɗaya a bakin gari. Malam ya rufe shago ya je ya tsaya daga nesa. Bai taɓa ganin irinta da idonsa ba sai ranar.

Ya dawo ya zauna a tabarma, ya ce, "Ba sarƙa gare ta ba. Taya ce, kamar ta tirela." Sannan ya ce, "Ban san launinta ba."

Kwana kaɗan bayan haka na raka maƙwabciyata asibiti, mai babur ya bi da mu ta wurin. Na ƙare mata kallo har na kusa faɗowa. Da daddare ina miƙa masa tuwo na ce, "Ruwan ƙasa ce mai haske, kamar fako. Da dabbaren kore mai duhu, da baƙi kaɗan wajen gindi. Kuma duk ta yi ƙura."

Ya ɗago ya kalle ni, irin kallon da na daɗe ban gani ba. Ya ce, "Ashe kin duba." Na ce na duba. Na ga bakinsa ya motsa zai ƙara wani abu, sai aka yi sallama a zaure, wani ya kawo waya gyara. Ya tashi ya fita. Da ya dawo tuwon ya huce, maganar ma haka.

Ban san ranar da ya rabu da tankokinsa ba. Sai da na lura kwana biyu ba ya cin abinci sosai, na matsa masa, sannan ya faɗa mini. Waɗansu samari ne suka ɗauki hoton tankokin a shago suka sa a waya, abin ya yi ta yawo. Shugaban 'yan layinsu na kasuwa ya kira shi gefe ya ce zamanin nan ba a wasa da irin wannan. Wani zai iya cewa kayan soja yake zanawa yana kai wa mutanen daji, kafin a gane gaskiya an wahala. Malam ya kwana yana tunani, da safe ya kira mai sayen gwangwan. Buhun mutumin bai ɗauke su a yadda suke ba, sai ya rinƙa taka su da ƙafa yana lotsawa yana cusawa.

"Har waɗanda na shafa?"

"Duka."

"Har mai juya kai?"

Ya gyaɗa kai.

"Malam, da ka kawo su gida. Da na sa su a akwati na kulle. Yaran ai sun girma."

"Na ɗauka ba ki son ganinsu."

"Wa ya ce maka?"

"Ke kinka ce ba yanzu ba."

"Ciki gare ni a lokacin! Yarinyar da nike ɗauke da ita yau tana sakandare."

Muka zauna muna kallon juna. Ni na fara kuka, shi kuma ya rinƙa cewa, "Ashe haka ne. Ashe haka ne." Na ce ya sake ƙera wata, in shafa mata fenti ko a tsakiyar kasuwa ne. Ya ce bari ƙura ta lafa tukuna, kada a ce ya ƙi jin shawara.

Kafin ta lafa hawan jini ya buge shi a shago. Aka kawo shi gida ɓarin dama ya shanye, magana tana fita da nauyi. Hannun da yake riƙe ƙarfen liƙi ya koma kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Likita ya ce a rinƙa ba shi abin da zai motsa hannu da hankali, kada a bar shi yana kallon bango. Ɗiyata ta fari, wadda a lokacin ta yi aure tana koyarwa a firamare, ita ta ce ai 'yan ajinta da kwali da gam suke yin gidaje da motoci, ko za a gwada wa Baba. Na zauna ina kallonta. Kwali da gam. Babu dalma, babu kananzir. Abin da yake zube a bayan kowane shago, duk shekarun nan, ba wanda ya tuna a cikinmu.

Na samo kwalin taliya, na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, na jingina shi da matashi. Ni ce hannu, shi ne ido. Ya sa na yanko tsinke na yi mutum. Yana nuna mini da hagu inda zan ja layi, ina ja, yana cewa a'a. Ashe yankan da nake gani kamar wasa ba wasa ba ne. Almakashi ya rinƙa kauce mini, gefe ɗaya ya fi ɗaya, in na manna nan sai can ya ɓalle. Ran nan haushi ya kama shi, kalmar da yake nema ta ƙi fitowa, ya ɗauki rula ya yi jifa da ita ta faɗa cikin kwatarniyar ruwa. Na ce, "To maigida, ni ma haka na ji da na ga jan fentinka." Ya yi dariya da rabin baki har hawaye suka zubo masa, na goge masa da gefen mayafi.

Dabarar sarƙa tasa ce. Ya sa na jiƙa bayan kwalin kaɗan na ɓare fatar sama, sai ga gurza-gurzan ciki sun fito jere, na yanka su siri-siri na naɗe a kan murafun kwalba. Launi kuwa galura na dama da ƙaro, yadda Inna take yi. Ina shafawa yana tambaya, "Wanga fa?" In ce kore ne, irin na ganyen kuka in ya fara tsufa. "Wanga?" In ce ruwan ƙasa, irin na bangon gidanmu bayan ruwan sama. Da can bai taɓa tambayata sunan launi ba, yakan bar ni da aikina. Wannan karon sai da na faɗa masa kowanne, ya maimaita da nauyin harshensa.

Da ta bushe na ɗora masa a cinya. Ta karkace, bindigar tana kallon ƙasa. Ya gwada ta da tsinken, ya girgiza kai.

"Kan ya yi girma," ya ce. "Mu sake wata."

Na ce to. Na bi masu shagunan unguwa na ce su rinƙa ajiye mini kwali mai kauri, na tara su a bayan ƙofar zaure, na sa aka wasa mini almakashi. Muka ce sai ya ɗan ƙara ƙarfi, don damina ta shigo kuma sanyi yana sa masa tari. A cikin wannan daminar ciwon ya sake bugunsa, wata safiya bayan ya karya. Bai kai azahar ba.

Ranar sadakar uku an kwana ana ruwa, itacen duk ya jiƙe. Ina zaune a ɗaki cikin mata masu ta'aziyya, ta ƙofa ina hango masu girki suna fama da murhu, hayaƙi ya cika tsakar gida. Sai wata ta fito daga zaure da kwalayen nan a rungume, tana murna ta samu abin hura wuta. Na buɗe baki in hana ta, sai na rasa abin da zan ce mata a gaban mutane. Ta yayyaga su ta cusa a ƙarƙashin tukunya, wutar ta kama, aka dafa abincin sadaka aka raba.